Ta lantarki ko ta fetur? Hajiya, a fara duba soket ɗin gida

Hajiya, barka da warhaka. Kin tambaye ni ko motar lantarki za ki saya ko ta fetur. Tunda kin ce gidan naku ne, mota na kwana cikin get, maigida kuma yana da tasa ta fetur, ki sayi ta lantarkin kawai. Da ita kaɗai ce za ta zama motar gidan, da ba haka zan ce ba.

Duka biyun ina da su a ƙofar gida. Ta lantarkin ƙarama ce, 'yar Sin, batirinta bai kai yunit 50 na wuta ba, irin yunit ɗin da mitar gida ke ƙirgawa. Na saye ta a 2024, bayan na shekara ina ƙirga kuɗin mai kamar mai ƙirga bashi. Kowa ya tuna 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi: litar da ba ta kai naira 200 ba ta wayi gari ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta taɓa dubu. Ni kuwa kullum daga Hotoro in sauke yara a makaranta ta wajen Titin Gidan Zoo, in wuce shago a Kantin Kwari, da yamma in sake yin zagayen. Kilomita 40 ne ko ƙasa da haka, amma rabinsa a tsaye ake yin sa cikin cunkoso.

A cunkoson nan na fara son motar. Mota mai inji ko tana tsaye shan mai take, balle an kunna esi. Wannan kuwa in ta tsaya ta tsaya, esi kaɗai ke ɗan tsotsar batir. Akwai wata ranar jajibirin Sallah da na yi kusan awa ɗaya tsakanin Kwari da Ƙofar Mata, rana na dukan kwano, yara sun yi barci a baya saboda sanyi, da na duba allo kashi uku cikin ɗari na batir kacal ya sauka. Amma daren da ta shiga raina shi ne lokacin wani dogon layin mai. Zazzaɓin 'yar autarmu ya tashi wajen ƙarfe biyu, ta fetur ɗin jar fitilarta na kunne tun shekaranjiya, 'yan bumburutun bakin titi duk sun tashi. Na zare waya daga bango, muka fita ba ko ƙarar da za ta tada maƙwabci. Uwargida da ta yi wata uku tana kiranta "motar wasan yara", tun daga ranar ita ke fara ɗaukar makullin.

Shirun nata ma sai an saba. Akuya ba ta jin zuwanki, yaran unguwa ma haka, don haka a lungu hannunki ya zauna kusa da oda.

Ga lissafin yadda yake a wurina. Kilomita 100 tana cin yunit 15 zuwa 17 da esi a kunne. Layinmu Band A ne, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, aka kuma ɗaga musu yunit zuwa naira 225 a Afrilun 2024 kafin ya dawo wajen 209. Ki ɗauki 17 ɗin, kuɗin bai wuce naira 3,600 ba. Ta fetur ɗin a cikin gari lita 9 zuwa 10 take sha a wannan nisan. In lita na naira 900, kin ga ana maganar dubu takwas zuwa tara. Ga shi babu juyen baƙin mai, babu filogi, babu salansa. Bakanikena da ya gan ni a wurin ɗaurin aure cewa ya yi, "Alhaji, laifin me muka yi?" Birki ma yana daɗewa, don da kin ɗaga ƙafa motar da kanta take rage gudu tana mayar da wuta cikin batir. Taya ce dai take ci da wuri, saboda nauyin batirin.

Sai dai duk wannan daɗin a kan soket yake rataye. Wayar cajin da ake sakawa a soket ɗin gida tana ba da kusan yunit biyu da ɗoriya a awa, wato daren awa takwas zai ba ki tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai. Ga mai zirga-zirgar cikin gari ya isa har da saura, ba ma kullum za ki jona ba. Amma in unguwarku sai a kwana biyu ba a ga wuta ba, ko a kawo ta ba ƙarfi, na'urar cajin yankewa take ta ƙi aiki. Haka in wayar ƙasa ta gidan, wadda masu wayarin ke ce wa atin, ba ta da kyau. Ni sai da aka sake haƙa mini rami aka binne sabon ƙarfe kafin ta yarda ta ɗauki wuta. Kada wani ya ce miki ai ga janareta: man da zai sha kafin ya ba ki kilomita 100 bai gaza wanda ta fetur za ta sha ba, ga hayaƙi ga ƙara. Sola na taimakawa, amma da rana, lokacin da motar take wurin aiki. Batirin solar gida yunit 5 ne ko 10, in kika jona mota da dare kafin sha biyu ta shanye shi, gida ya kwana a duhu. Ni Asabar da Lahadi nake ba ta rana ta sha.

Ta fetur ɗin fa? Tana nan, tana tashi, kowane bakanike ya san cikinta, kayanta kuma a Ƙofar Ruwa ko da ido rufe za a samo. Ban tsane ta ba, na dai daina marmarinta. Amfaninta ɗaya da ba na musu shi ne doguwar tafiya. Sau ɗaya na yi gangancin zuwa Kaduna da ta lantarkin, kilomita 230 ko kusa. A babban titi gudu ke cinye batir, akasin cikin gari. Daga Zariya na kashe esi, na koma 80, na shiga Kawo da kashi takwas da addu'a a baki. Na jona a gidan yayata, tsakar dare aka ɗauke wuta, tafiyar yini ɗaya ta zama kwana biyu. Wuraren cajin gaggawa ana ta buɗewa a Abuja da Legas, Maiduguri ma ta yi nisa da motocin haya na lantarki, amma ba zan ɗora iyali a hanyar Gusau ko Katsina da fatan zan tarar da ɗaya ba. Ranar biki ko ta'aziyya a wani gari, ki karɓi makullin maigida.

Abin da ba ki tambaya ba, amma shi ya fi cin mutane: masu sayarwa. A motar lantarki batir shi ne babban kaso na kuɗin, kuma shi ne abin da ido ba ya gani. Akwai tsofaffin da ake shigowa da su waɗanda iska ce kawai ke sanyaya batirinsu; zafin Afrilu na Kano da ke haura 40 ba ya yi musu da daɗi, da wuri suke gajiya. Wasu diloli suna sa a goge ƙwaƙwalwar batirin, allo ya nuna lafiya lau, bayan 'yan makonni gaskiya ta fito, lambar mutum kuma ta daina shiga. Wasu motocin ambaliya ce ta cinye su a Amurka aka wanke aka feshe. Ki sa a ɗaga kafet, a shinshina, a duba tsatsa a ƙarƙashin kujera. Nisan da ke rubuce a takarda ma, musamman na motocin da aka ƙera don kasuwar Sin, gwajin can ne mai sassauci. In an ce 400, ki sa 300 a ranki. Bakin cajin kuma ba iri ɗaya ba ne: na Sin GB/T, na Turai CCS2, tsofaffin na Japan CHAdeMO. Na san wanda sai da ya kai mota gida ya gane an ba shi wayar da ba ta shiga.

Kada ki yarda da zagayen layi ɗaya. A cika batir a gabanki ko gaban wanda kika amince da shi, a kunna esi, a hau titin Zariya a yi kilomita 50, a ga kashi nawa ya sauka. Wanda ya ƙi wannan gwajin, ki yi masa sallama. Ki nemi mai irin batirin da ake kira LFP, ya fi jure zafi da yawan caji, kuma ki saya a wurin da ke da garejin gyara da takardar garanti a rubuce. Kamfanoni da yawa shekara takwas ko kilomita 160,000 suke ba batir, amma ki tambaya ko garantin yana aiki a Najeriya, don motar da aka shigo da ita ta bayan fage sau da yawa nata ya tsaya a ƙasar da ta fito. Ki kuma saya da niyyar riƙewa, domin ranar sayarwa masu taya ta ba su kai na ta fetur yawa ba.

Kafin a biya ko sisi, ki sa maigida ya kira mai wayarin ya auna wutar gidan da atin ɗin, ya ja waya mai kauri ta musamman daga mita zuwa inda motar za ta kwana, ƙarƙashin rumfa ba cikin rana ba. In ya ce gidan zai ɗauka, ki sanar da ni, ranar Asabar uwargida ta kawo miki tamu ki zagaya gari da ita.