Lesin ɗin bayoloji da na saka ƙanwata a Tudun Wada, ga abin da na gani

Jama'a da yawa sun tambaye ni kan wajen lesin ɗin da na saka autarmu mai shirin WAEC, to bari in faɗa sau ɗaya kowa ya gani. Wajen yana Tudun Wada nan Kaduna, sati shida kenan tana zuwa, ni kuma ranar Asabar biyu na bi ta na zauna a bencin baya saboda kuɗina ne ke fita ina so in ga me ake saya da su. Cikin ikon Allah sai na faɗo kan darasin ebolushan, wato yadda halittu ke sauyawa a hankali cikin dogon zamani, darasin da mu lokacin da muke SS3 aka ce mu haddace ra'ayin wani masani Lamarck kan tsawon wuyan raƙumin dawa, mu haddace Darwin, shikenan aka wuce.

Wannan malamin ba haka ya yi ba wlh. Yana shigowa sai ya ce waye ke kiwon tantabaru a gidansu, yara kusan biyar suka ɗaga hannu, ya ce to in kana son masu kyan gashi wa kake bari su yi ƙwai, suka ce masu kyan mana Malam. Ya ce to shi ma Darwin tantabaru ya kiwata a Ingila, kuma tambayar da ya yi ita ce in mai kiwo zai iya sauya kamannin dabba ta hanyar zaɓe, me zai hana yunwa da cuta da fari su yi irin wannan tankaɗe da rairayar a daji, tunda abin da ake haifa kullum ya fi abin da abinci zai ɗauka. Wanda halittarsa ta fi dacewa da wurin shi ke kaiwa ga haihuwa, 'ya'yansa su gaje shi. Daga nan ne ma ya kawo tarihin, cewa Darwin yana ɗan shekara 22 ya hau jirgin ruwa Beagle a 1831 bai dawo ba sai 1836, ya ga kunkuru da ƙananan tsuntsayen tsibiran Galapagos, ya zauna da tunanin nan sama da shekara 20 bai buga ba har sai da wani masanin halittu Alfred Wallace ya aiko masa da wasiƙa daga Indonesiya a 1858 ɗauke da kusan irin ra'ayin, sannan littafin Darwin kan wannan batu ya fito 1859.

Amma inda ya kama ni shi ne maganar sikila. Mu a gidanmu mun san wannan ciwo, mun yi jinyar ɗan yayata mun kwana asibiti ba sau ɗaya ba, kuma ban taɓa tambayar kaina me ya sa abin ya yi yawa a ƙasarmu ba alhali a Turai da wuya ka ji shi. Malam ya ce mai AS, wato wanda ya gaji ƙwayar sikila daga ɗaya cikin iyayensa kawai, yana da kariya daga maleriya mai tsanani, wani likita Anthony Allison ya nuna haka a gabashin Afirka a 1954, to a ƙasar da sauro ke kashe yara tun kaka da kakanni masu AS sun fi tsira har su girma su yi aure, shi ya sa ƙwayar gadon ta ƙi ɓacewa duk da wahalar da mai SS ke sha, har ta kai kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da ita. Ajin ya yi tsit. Wata yarinya ta ce Malam kenan shi ya sa ake cewa a yi gwajin jinotayif kafin aure, ya ce ƙwarai kuwa.

Ni ina aiki a kemis, saboda haka da ya kawo kulorokwin sai da na gyara zama. Da can shi ne maganin zazzaɓi, aka yi ta sha wani ma ba ya ƙarasa kwas ɗin, ƙwayoyin cutar da ke jure masa suka tsira suka hayayyafa har ya daina aiki, a 2005 ƙasar nan ta koma haɗin maganin zazzaɓi da ake kira ACT. Kullum ina yi wa kwastomomi faɗa su shanye maganinsu, ranar na samu yadda zan yi musu bayani.

Wani yaro ya jefo tambayar da kowa ke jira, Malam wai an ce daga biri muka fito. Bai yi fushi ba bai kuma yi masa dariya ba, ya ce abin da masana bayoloji ke cewa shi ne asali ɗaya aka haɗa can da nisa, ba wai birin da kake gani ya rikiɗa ya zama mutum ba, wannan shi za ka rubuta a jarabawa, tambayar aƙida kuma ka kai wa malamanka na Islamiyya da suka fi ni sani a wannan fage. Na ji daɗin yadda ya mutunta yaran.

Yanzu inda suka gaza. Ɗakin ya yi ƙanƙanta, yara sun yi yawa, in aka ɗauke wuta fanka ta tsaya ba janareta, zufa kawai. Hotokofin da suke rabawa ya dusashe, hoton da ke kwatanta ƙashin hannun mutum da fiffiken jemage da ƙafar doki baƙi ƙirin ya fito, alhali gani ake so a yi a gane ƙasusuwan iri ɗaya ne aikinsu ne ya bambanta. Sannan ɓangaren ƙasusuwan da suka koma dutse an yi shi a gurguje cikin minti goma, Archaeopteryx na Jamus, wata daɗaɗɗiyar halitta mai kama da tsuntsu, kawai aka ambata, ga Nijar nan maƙwabta inda aka tono ƙasusuwan wani dainaso mai suna Nigersaurus a hamada ko sunansa ba a kira ba, kuma na tabbata yaran da sun so jin wannan.

Duk da haka na biya kuɗin wata na gaba. Ƙanwata da ta dawo gida ta zaunar da Mama tana mata bayanin AS da SS da murfin kwalba, tana cewa Yaya zo ka riƙe min waɗannan biyun. In za ku kai naku ku ce su je da wuri su kama bencin kusa da taga, su tafi da ruwan sha.