Injin kwale-kwale a Ingila da namu na fadamar Hadeja

Kawu, barka da ƙoƙari, a gaishe min da masuntan Guri da Kirikasamma. Kun tambayi yadda harkar injin kwale-kwale take a nan Ingila, to ga ta.

Irin Yamaha Enduro 15 da 40 da kuke ji da su, masu haɗin fetur da mai a tanki ɗaya, tun 2007 dokar hayaƙi ta Turai ta hana sayar da sababbinsu ga masu jirgin shaƙatawa. Mai baƙin mai a ciki kamar na mota shi ya cika kasuwa. Ba ƙara, ba shan fetur, amma ga nauyi, manyan kuma sai an jona musu kwamfuta kafin a gano ciwonsu. Kada ya ruɗe ku, ranar da ya tsaya a tsakiyar fadama sai dai a koma ga gora.

Makanike a nan da awa ake biyansa, shi ya sa sau da yawa canja abu ya fi gyara shi sauƙi. Kafiretar da namu zai kwance ya wanke ya busa ƙofofinta, a nan sabuwa za a ɗaura. A gwanintar hannu ba su fi mu ba. Inda suka yi mana nisa shi ne kaya na asali da kuma lissafin awa. Kowane inji yana da lamba a jikin maƙalinsa, da ita ake odar kaya. Mu kuwa tsohon ake ɗauka zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano a gwada da ido, in an yi rashin sa'a a dawo da jabu.

Robar famfon ruwan da ke sanyaya inji suke canjawa tun ba ta mutu ba, alhali ruwansu bai kai namu yashi da laka ba. Ga kachalla da ke toshe ƙofar shigar ruwa. Ku a canja duk shekara. A kwance ƙafar injin, a saki sandar giya, a cire murfin famfon, a kula da ɗan makullin ƙarfen nan da ke riƙe robar, don in ya faɗa cikin yashi an shiga uku. Wajen mayarwa a riƙa juya sandar da robar ke kai, ba ta giya ba, ta hannun agogo ana danna murfin, fukafukan su kwanta gefe guda. Kuma kada a ta da inji a tudu don gwaji, robar ba ta kai minti ɗaya a bushe. A tsoma ƙafar cikin duro. Da ya tashi, ido kan fitsarin injin, wato siririn ruwan da yake fitarwa, in bai tsarto ba a kashe nan take.

Man giya mai lamba 90 ne, duk awa 100. Ta ƙofar ƙasa ake ɗura shi har ya ɓullo ta sama, a fara toshe ta saman. Wanda ya zuba ta sama ya tara iska kawai. In tsohon ya fito fari kamar nono, ruwa ya shiga, kuma yawanci zaren taru ne ya naɗe bayan farfela ya yanke sil, robar da ke hana ruwa shiga. Cire farfela a duba duk mako bai kai kuɗin gyaran giyar injin ba.

Sai haɗin mai, inda aka fi cutar inji a gida. Awon 50:1, wato fetur kashi 50 mai kashi 1, shi ne rabin litar mai a tankin lita 25. Sabon inji ana ninka masa, lita guda, a awa 10 na farko. A nemi galan mai rubutun TC-W3. Baƙin man mota da ake tsiyayawa da ido shi ke cika fulogi da toka ya maƙale ringi.

Mutanen Ingila ma da nasu ciwon: tun 2021 fetur ɗinsu na yau da kullum E10 ne, mai haɗin sinadarin ethanol, yana jan ruwa in ya jima a tanki. Namu kuwa daga jarkar 'yan bumburutu yake zuwa da ruwa da datti, sai a tace kafin a zuba.

Kawu, a ɗauki hoton lambar jikin kowane inji a turo ta WhatsApp. Roba da sil na asali ba su da nauyi, duk mai tahowa gida zai riƙo.