Garau-garau a Harlem

Yaya, ina gaisuwa, ya jikin Inna? Kin damu da ko ina samun abin ci a Amurka, to ga yadda abin yake.

Kasuwarsu ba irin tamu ba ce. Ba mudu, ba tayi, ba gyara, komai sai an ɗora a sikeli. Kaza da araha, amma ba ta kama ƙafar kazar Hausa a ɗanɗano ba. Doya kuwa sai shagunan 'yan Afirka na Bronx, wani yanki na birnin New York, daga Ghana ake kawo ta, da tsadarta. Abin da baƙaƙen Amurka ke kira doya dankalin Hausa ne. Kakanninsu da aka kawo bauta sun rasa doya, sai suka ɗora wa dankali sunanta. Da na ji haka jikina ya yi sanyi.

Akwai wata dattijuwa maƙwabciyata, asalinta Karolina ta Kudu. Ranar sabuwar shekara ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da kwano a hannu. Ina buɗe murfi, wallahi Yaya, wake da shinkafa! Waken nan namu fari mai baƙin ido. Hoppin' John suke ce masa, kuma ba sa yarda shekara ta shigo ba su ci shi ba. Mai da yaji kawai ya rasa ya zama garau-garau. Da naman alade suka saba dafa shi, amma ta san ni Musulma ce, sai ta sa ƙyafaffen talotalo. Ita ta faɗa mini cewa waken, da kuɓewar da mutanen Luwiziyana ke sa wa a miyarsu ta gambo, da riɗin da ake yin biskit da shi a Charleston, duk daga Afirka suka haye teku tare da bayi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wuraren cin abincinsu. Gidan abinci a wurinsu kamar zaure ne. Akwai Sylvia's a Harlem, unguwar da ta yi suna da baƙaƙe a New York, wata mata Sylvia Woods ce ta buɗe shi a 1962. Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci sai ki ga kaka da jikoki a teburi guda, ana ci ana hira, ba mai gaggawar tashi. Kuma tukunya ta yi musu aiki a gwagwarmaya. A 1955, da baƙaƙen garin Montgomery suka ƙaurace wa motocin bas saboda wariya, wata mai girki Georgia Gilmore ta tara mata, suna dafawa suna sayarwa, kuɗin yana tafiya ga motocin da ke kai mutane aiki. A 1969 ƙungiyar Black Panther mai fafutukar 'yancin baƙaƙe ta fara ba yara karin kumallo kyauta a Oakland kafin su tafi makaranta. Tun lokacin korona kuma ake ajiye firiji a bakin titi, mai hali ya zuba, mabuƙaci ya ɗauka, ba mai tambayar sunansa. Ya tuna mini da sadakar ƙosai da Inna ke yi ranar Juma'a.

Na yi wa dattijuwar miyar kuka sau ɗaya, yanzu kullum sai ta tambaye ni ita. In mai zuwa ya samu, ki aiko mini da kuka da daddawa. Kada dai ki sa kilishi, ba sa bari a shigo da nama, a filin jirgi za su karɓe.