Fitilar jan haske da aka sayar mini a matsayin maganin sankara

Watanni uku ke nan da na sayi wata fitila mai jan haske a wani shago da ke kusa da babbar kasuwar Maradi, a kan jaka 25, bayan da likita ya shaida mana cewa goggona tana da sankarar mama. Mai shagon ya kunna mini wani bidiyo a wayarsa, ya ce, “Alhaji, ai da irin wannan hasken ne Turawa ke ƙone sankara yanzu.”

A matsayinta na fitila ba ni da babban ƙorafi a kanta. Tana da gindin ƙarfe mai nauyi da wuya mai lanƙwasuwa, kuma cikin minti 10 mutum zai ji bayansa ya yi ɗumi kamar wanda ya zauna kusa da murhu da hunturu. Sai dai igiyarta gajera ce, murfinta kuma yana ɗaukar zafin da zai iya ƙona hannun yaro.

Inda gizo ke saƙar shi ne maganar sankara. Fasahar da ke cikin bidiyon gaskiya ce, amma ba ta da alaƙa da wannan fitilar. Asalin fasahar daga Jami'ar Rice ne da ke birnin Houston a Amurka, inda Naomi Halas ta ƙirƙiro wasu ƙwayoyi masu cikin gilashi da ɓawon zinariya, faɗin kowace kimanin nanomita 150, wato sai an jera ɗaruruwansu kafin su kai kaurin silin gashi. Ana saka su ta jijiya, kuma da yake hanyoyin jinin ƙari suna yoyo, sai su taru a cikinsa. Washegari likita ya zura siririn zaren gilashi har cikin ƙarin, ya saki hasken leza wanda ido ba ya gani, zinariyar ta sha hasken ta mayar da shi zafi, naman cutar ya ƙone, na kusa da shi ya tsira. A gwajin da aka wallafa a 2019, wanda likitan asibitin Mount Sinai na New York ya jagoranta, maza 16 ne kacal masu sankarar prostate, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, aka ɗauka, kuma aiki ne na gwaji.

Ke nan zinariyar ce ke zaɓar wurin da zai ƙone, zaren kuma shi ke kai haske ciki, domin haske ba ya nisa a cikin nama. Fitilata ba ta da ko ɗaya. Fata kawai take gasawa. Makonni biyar goggo tana zama gabanta safe da yamma, ƙullutun yana nan daram, sai jan da fatar ta yi, kuma laifin waɗannan makonnin nawa ne kafin ya zama na mai shago.

Yanzu goggo tana Yamai, inda cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa ke da na'urar gashin sankara tun 2021. Fitilar kuwa tana ɗakin mahaifina, yana gasa ƙugunsa da ita bayan sallar isha'i, ya ce yana jin sauƙi. Ga mai ciwon baya zan ce ta yi, ko da yake jaka 25 ta yi mata yawa.