Rubutu cikin sikirif ko cikin fayil? Ɗauki fayil

Ƙanina, kan tambayarka ta Unity, manhajar nan ta haɗa wasanni da manhajoji, ko ka rubuta maganganun manhajarka kai tsaye cikin sikirif, wato inda kake rubuta umarnin manhajar, ko ka zuba su a fayil sikirif ya ɗauko: fayil. In sauri kake yi, amsar ke nan.

Bara na yi wa wata Islamiyya nan Agege 'yar manhajar kacici-kacici, tambayoyin sira da tajwidi. Da farko duk cikin C#, yaren da ake rubuta sikirif ɗin Unity da shi, na jera su, kowace tambaya da alamun zancenta. Malamin da ke duba mini aikin dattijo ne mai tsantseni, wasali ɗaya ba ya wuce idonsa. Kullum bayan Isha'i sai waya: "Ɗana, wannan kalmar ba haka ake rubuta ta ba." In buɗe sikirif, in lalubo layin, in gyara. Ran nan garin gyara na share alamar zance guda, Unity ta cika da jan rubutu, ga an ɗauke wuta, janareto na ta shan mai ina ta laluben inda ɓarnar take.

Washegari na kwashe komai na mayar fayil. Malam ya riƙa gyara abinsa da kansa a kwamfutar ɗansa, ya turo mini ta WhatsApp, ni kuwa in jefa a folda in sake haɗa manhajar. Wallahi har sa mini albarka ya yi, wai yanzu ya san da hannunsa a aikin.

Kuma aikin ba yawa. Ka ajiye fayil ɗin a foldar Resources, ka kira Resources.Load<TextAsset>("tambayoyi"), ka ɗauki abin da ke cikin .text ka ba wa .text na TextMeshPro, abin da ke nuna rubutu a kan allo. Sunan kawai za ka rubuta, ban da .txt a ƙarshe, in ka sa shi ba abin da zai dawo maka. In kuma foldar StreamingAssets ka zaɓa maimakon Resources, ka sani a Android fayil ɗin na ƙunshe ne cikin APK, wato ƙunshin manhajar da ake ɗorawa a waya, File.ReadAllText ba zai gan shi ba, sai da UnityWebRequest. A kwamfuta zai yi aiki lafiya lau, sai ka ɗora a waya ka ga allo wayam.

Inda mu Hausawa muke shan wuya shi ne haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Matsala biyu ce daban, mutane na cakuɗa su. In ka ga alamar tambaya a gurbin ƙ, fayil ɗin ne ba a adana shi da UTF-8 ba, tsarin adana rubutu da ya san haruffan nan. In a Excel kake rubutun, sai ka zaɓi CSV UTF-8 wajen adanawa. In kuwa ɗan akwati ka gani, fayil lafiyarsa ƙalau, salon haruffan da ka ɗora ne ba shi da harafin. Noto Sans na da su duka, kyauta ne. Sannan ka yi hattara da waƙafi a CSV, don da shi ake raba bayanai a irin wannan fayil, jimlar Hausa cike take da shi, in kana yanka layi a kan waƙafi zai raba maka tambaya gida biyu. Ni JSON na koma daga baya, wani tsarin fayil ne da waƙafin cikin jimla ba ya rikita shi.

Na cikin sikirif kuma, to, ba laifi in kalma biyu ce, "Fara" da "Fita".

Wani abu da ba ka tambaya ba. Akwai masu yawo da filashi a wajajen Ikeja, da masu talla a guruf-guruf, wai suna sayar da kayan Unity masu ɗauko rubutu da fassara. Na taɓa saye, kuɗin cefanen mako guda ya tafi. Tsohon kaya ne na sata, ina ɗora shi kurakurai suka cika mini aiki, mai sayarwar kuma ya daina ɗaga waya. TextMeshPro da Unity yake zuwa, fakitin Localization na fassara ma kyauta ne a Package Manager na cikin Unity. Kada ka ba kowa ko kwabo.

Ka fara da fayil ɗin .txt guda, layi ɗaya magana ɗaya. In akwatunan nan suka fito maka, ɗauki hoton allon ka turo nan mu gani.