Set ɗin haɗa ruwan inabi da nake yin khal da shi: abin da na gani bayan wata huɗu

Wata huɗu kenan da sayen wannan set ɗin. Asali an yi shi ne don masu haɗa ruwan inabi mai barasa a gida, ni kuma khal ɗin tuffa nake yi da shi, don hanyar ɗaya ce har tsakiya, dole sai yis ya cinye sukarin ruwan ya mayar da shi barasa kafin wasu ƙwayoyin su zo su mayar da barasar khal. Zagaye biyu na yi da shi, kuma kullum sai na leƙa kwalbar, saboda haka ina da abin faɗa.

A cikin kwalin akwai ƙatuwar kwalbar gilas mai cin lita 5, da toshiyar roba mai huji, da makullin iska, wato ɗan lanƙwasasshen bututun nan da ake zuba wa ruwa iskar ciki ta fita ta waje kuma ba ta shiga, sai tiyo na zuƙo ruwa, da yis mai giram 5, da haidiromita.

Haidiromitar nan ita ce ta biya ni wallahi. Wani ɗan siririn gilas ne mai nauyi a gindi, ka sake shi cikin ruwan sai ya tsaya yana lilo, inda ruwan ya yanke shi nan za ka karanta. Ruwa zalla yana ba da 1.000, iya yawan sukari iya yadda take tasowa sama. Ruwan tuffana ya nuna 1.050 ranar farko, bayan kwana goma sha biyu ya sauko 1.000, kuma in ka cire na ƙarshe daga na farko ka ninka da 131 za ka san barasar da ta samu, nawa ya kama wajen kashi 6.5 cikin ɗari, wanda shi ne daidai abin da ake so in ana neman khal mai tsamin kashi 5. Da can da ɗanɗano nake auna komai, shi ya sa wani lokaci khal ɗin ya fito salam wani lokaci ya ƙi tsami gaba ɗaya ban san dalili ba. Yanzu na san dalili. Ɗanyen ruwan 'ya'yan inabi ma na auna don in gani, ya kai 1.085, wannan kam sai an sirka shi da ruwa bayan ya gama, don ƙwayoyin khal ba sa jure barasa mai ƙarfi. Abu ɗaya dai, a duba jikinta a ga zafin da aka saita ta a kai, tawa digiri 20 ce a ma'aunin Celsius, in ruwan ya fi haka ɗumi sosai lambar za ta ɗan kauce.

Makullin iskar shi ma ba laifi. Daren farko shiru, washegari da asuba na ji wani ɓul... ɓul daga lungun da na ajiye kwalbar, na je na tarar ƙananan kumfa suna hawa ta jikin gilas kamar an jera su, na tsuguna na daɗe ina kallo gaskiya. Tun 1857 Louis Pasteur ya nuna cewa halittu masu rai ne ke wannan aikin, amma karantawa daban, gani da idonka daban.

To yanzu inda raina ya ɓaci. Takardar bayanin da suka saka shafi ɗaya ce tal, kuma ko kalma ɗaya ba ta ce a bar fili a saman kwalbar ba, na cika ta har wuya, kwana na biyu kumfa ya taso ya bi ta makullin ya malale a ƙasa, ƙananan ƙudajen nan masu bin 'ya'yan itace suka taru. A bar kamar kashi ɗaya cikin biyar babu komai. Ba su kuma faɗa cewa ruwan kwali mai sinadarin hana lalacewa irin su potassium sorbate yana hana yis aiki ba, wanda sabon shiga zai iya zuba shi ya zauna jiran sati guda babu ko kumfa ɗaya ya ɗauka yis ɗin ne ya mutu. Sannan sun ba da haidiromita ba su ba da dogon kofin da ake saka ta ciki ba, sai da na nemo daban. Tiyon ma gajere ne.

Ga masu khal irina, aikin kwalbar yana ƙarewa ne a zangon farko. Ƙwayoyin Acetobacter, wato masu mayar da barasa khal, iska suke so, wuyan kwalbar kuma ɗan tsuke ne yatsa biyu da ƙyar, don haka da ma'auni ya nuna 1.000 sai in zuƙe ruwan in bar gurɓin a ƙasa, in juye cikin wata kwalba mai faɗin baki, in zuba ɗan khal ɗanye wanda ba a dafa ba, in rufe da ƙyalle mai tsabta in ɗaure. Kar a sa a mazubin ƙarfe fa, tsamin yana cin sa. A sati na uku wata farar fata mai santsi ta kwanta a saman, ita ce uwar khal, sati na shida ƙamshin ya cika ɗakin.

Zan sake saye? Eh, zan saya, ko don ma'aunin da gilas ɗin mai kauri. Amma wanda zai saya ya haɗa da dogon kofin awo da burushin wanke kwalba tun ranar farko, don busasshen kumfan da ke maƙalewa a kafaɗar kwalbar nan hannu ba ya kai wa gare shi.