Da baka biyu ko babu: amsar tambayar jera sunayen alhazai

Malam, ka ce kana amfani da yaren shirya manhaja na Python wajen jera sunayen alhazan masaukinku na Misfala a Makka bisa shekaru don tsofaffi su samu ɗakunan ƙasa. `sorted(alhazai, key=shekaru)` ya yi maka aiki, amma da ka rubuta `key=shekaru()` sai Python ya tsaya da saƙon kuskure na TypeError, shi ne kake tambayar ina bambancin.

`shekaru` fankishin ne, wato guntun shiri mai suna da ake ba shi alhaji ya fito da shekarunsa. Idan ka rubuta `shekaru` tsurarsa, fankishin ɗin kansa ka miƙa wa `sorted`, kamar yadda ake miƙa lamba ko suna. Bai fara aiki ba tukuna. Tamkar ka kamo hannun mai shayi ne ka kawo shi masauki, ka ce duk wanda ya sauko a haɗa masa. `sorted` ne zai riƙa kiransa, sau ɗaya tak a kan kowane alhaji, ya karɓi shekarunsa, ya jera mutane da su.

Da ka sa baka biyu kuwa, wato `()`, cewa ka yi ya yi aikin yanzun nan, abin da ya fito shi za a miƙa. Kofin shayi ka kawo ke nan, mai shayin yana can. Naka ma ko kofin bai samu ba, domin fankishinka yana jiran a ba shi alhaji, kai kuma ka kira shi ba ka ba shi kowa ba.

Ni dai na fi son halin Python a nan, don yana faɗa maka ka yi kuskure. A yaren JavaScript cikin burauza, `setTimeout(tunatarwa, 5000)` zai jira daƙiƙa 5 kafin saƙo ya fito, shi kuwa `setTimeout(tunatarwa(), 5000)` nan take zai fito, kuma shiru, ba gargaɗi. Na taɓa zama tun bayan Magariba har aka sallame Isha'i a Harami ina neman wannan matsalar, wallahi har kaina ya yi ciwo.

In aikin layi ɗaya ne, ba sai ka raɗa masa suna ba: `key=lambda a: a["shekaru"]` ya wadatar. `lambda` hanya ce ta rubuta ɗan fankishin marar suna. Amma in ya wuce layi ɗaya, koma wa `def`, wanda da shi ake rubuta fankishin mai suna, saboda wanda zai karɓi aikin bayanka a Hajjin baɗi.

Gwada `print(shekaru)` yau da dare. Ba lamba za ka gani ba, Python zai ce maka fankishin ne mai suna shekaru. Tsofaffi su zo a sama kuma, ƙara `reverse=True`.